Marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina (1929–2019)

An haifi Alhaji Mamman Nasir a Katsina a shekarar 1929. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, daga baya ya tafi Ingila koyon aikin lauya, inda ya kammala a Lincoln's Inn ta birnin Landan a 1955. A wancan zamani lauyoyi 'yan asalin Arewa ba su taka kara sun karya ba, saboda haka yana dawowa gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauke shi lauyanta. A 1961, yana da shekara 32, ya zama Ministan Shari'a a gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello, ya riƙe muƙamin har juyin mulkin Janairun 1966.

A 1975 aka naɗa shi alƙalin Kotun Ƙoli ta Nijeriya, matsayin da kowane alƙali ke fatan gama aiki a kansa. Sai dai bai daɗe a can ba. A 1976 gwamnatin soja ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, domin kafin nan ƙararraki daga manyan kotunan yawancin jihohi kai tsaye suke wucewa Kotun Ƙoli, aiki ya yi mata yawa, masu ƙara suna ta jira. Aka nemi gogaggun alƙalai su aza harsashin sabuwar kotun, shi kuwa ya yarda ya sauko daga sama zuwa kotun da ke ƙasa da tasa, abin da ba kowa zai yi ba. Da shugabanta na farko, Mai Shari'a Dan Ibekwe, ya rasu a 1978, aka ba shi shugabancin.

Lokacin kuwa ba mai sauƙi ba ne. A shekarar ce muhawara ta yi zafi a Majalisar Tsara Tsarin Mulki kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'ar Musulunci a matakin tarayya. Ba a kafa ta ba. Aka daidaita a kan cewa kotun da yake shugabanta ta ƙunshi aƙalla alƙalai 3 masana Shari'ar Musulunci, ta riƙa sauraron ƙararrakin aure da gado da ke fitowa daga jihohi. Shekara 14 ya yi yana ɗauke da wannan nauyi.

A 1992 ya ajiye aiki, Mai Martaba Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Ya rasu a watan Afrilun 2019 yana da shekara 89. Allah Ya jiƙansa da rahama.