Syd Barrett, jagoran Pink Floyd da abokansa suka kasa ganewa

An haifi Syd Barrett a Cambridge ta Ingila a 1946. Shi ya rubuta mafi yawan waƙoƙin kundin farko na Pink Floyd, The Piper at the Gates of Dawn, na 1967. Mai neman tushen ƙungiyar, daga nan ya kamata ya fara saurare.

Ƙwayar LSD da rikicewar tunani suka durƙusar da shi, David Gilmour ya maye gurbinsa a 1968. Da ya leƙa ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road a 1975, ya yi ƙiba, ya aske har gira, abokansa ba su gane shi nan take ba, alhali waƙar da suke haɗawa a kansa take.

Zane da aikin lambu ya riƙe a Cambridge har mutuwarsa a 2006.