Sergei Korolev: Injiniyan da aka ɓoye sunansa har ya mutu

A ranar 12 ga Afrilu, 1961, Yuri Gagarin ya kewaya duniya cikin minti 108, sunansa ya karaɗe ko'ina. Amma wanda ya jagoranci ƙera kumbon da rokar da ta ɗaga shi, jaridun Tarayyar Sobiyet ba su ambaci sunansa ba. Da muƙaminsa kawai aka san shi: Babban Mai Tsarawa.

An haifi Sergei Korolev a 1907 a garin Zhytomyr da ke Yukiren ta yanzu, ya kuma yi karatun ƙera jiragen sama a Mosko. A 1938, lokacin da gwamnatin Stalin ke kame jama'a, aka zarge shi da zagon ƙasa, aka yanke masa ɗaurin shekara goma. An tura shi haƙar zinare a Kolyma, inda yunwa da sanyi suka zubar masa da haƙora. Daga bisani aka mayar da shi kurkukun injiniyoyi, yana yi wa gwamnatin da ta ɗaure shi aiki, har aka sake shi a 1944. Sai a 1957 aka wanke shi daga laifin.

A shekarar ce rokarsa R-7, wadda aka ƙera don ɗaukar makamin nukiliya, ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, ranar 4 ga Oktoba. A 1959 kumbon Luna 2 ya isa doron wata, Luna 3 kuma ya ɗauko hoton bayan watan da ba a hangowa daga duniya. Duk da haka hukuma ta ci gaba da ɓoye shi saboda dalilan tsaro.

Burinsa na kai mutum wata ya gamu da cikas. Ya saɓa da Valentin Glushko, gwanin injinan roka, kan irin man da za a yi amfani da shi a babbar rokar N1, kuɗin aikin kuma suka rarrabu tsakanin ma'aikatun da ke gasa da juna.

Korolev ya mutu ranar 14 ga Janairu, 1966, ana tsakiyar yi masa tiyata, yana da shekara 59. A sanarwar mutuwarsa ce 'yan ƙasarsa suka san ko wane ne shi. Bayansa, N1 ta faɗi a duk gwaje-gwajenta huɗu, Amurkawa kuma suka sauka a wata a Yulin 1969. An adana tokarsa a katangar fadar Kremlin.