Malam Abubakar Tafawa Balewa, Mai Shaihu Umar

Farkon zangon nan malaminmu na Hausa ya ba mu aikin rubuta sharhi a kan wasan kwaikwayon nan da a ke kira Shaihu Umar. Ya ce mu nemo jigogi biyu masu karo da juna a cikinsa, mu nuna yadda su ke kokawa tun daga farko har ƙarshe. Muka ga abin ba wuya. Ko wannenmu ya ɗauki takarda ya ja layi tsaka, ya tara mutanen kirki a dama, miyagu a hagu, ya rubuta haƙuri bisa waɗannan, zalunci bisa waɗancan, muka kai masa. Kashegari aka komo mana da takardunmu, jar tawada ta fi baƙa yawa. Malam bai yi faɗa ba. Sai ya tambaye mu gefen da muka sa Makau, da gefen da muka sa Abdulkarim, da dalilin da ya sa. Aji ya yi tsit. Daga nan ne muka koma bin tarihin mutumin da ya ƙaga labarin tun asali, ko abin da ya shige mana duhu cikin wasan ya fito fili cikin rayuwar mai shi. Abin da muka samo shi ne za mu ɗan tsakura wa 'yan'uwa.

An haifi Malam Abubakar cikin watan Disamba 1912 a garin Tafawa Balewa, ƙasar Lere, Lardin Bauci. Ubansa Yakubu Ɗan Zala daga cikin Gerawa ya ke, yana aiki a gidan Hakimin Lere. Sunan uwarsa Fatima Inna. Watau dai Abubakar ba ɗan sarauta ba ne, ɗan bara ne da ya tashi a inuwar gidan sarauta, yana ganin yadda a ke zaman fada daga wajen da a ke tuɓe takalma. Ya fara da karatun allo kamar kowa, sa'an nan aka sa shi elementare ta garinsu, daga nan ya wuce makarantar Lardi a Bauci. A 1928 aka zaɓe shi zuwa Kwalejin Katsina, inda a ke koyar da malaman makaranta na Arewa duka. Can ya tarad da Ahmadu, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Imam. Ya yi shekara 5, ya yi suna wajen iya Ingilishi, ya fito a 1933, aka mai da shi Bauci ya koyar a Midil.

To, a shekaran nan ne Dakta East na Ofishin Fassara da ke Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙaga labaru da Hausar boko, don a sami abin da masu fita makaranta za su riƙa karantawa. Aka yi gasa, aka buga littattafai 5: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi, da Shaihu Umar. Sa'ad da Malam Abubakar ya rubuta nasa bai fi shekara 21 ba, watau tsaranmu ne, kuma sabon malami irin wanda mu ke fatan zama. Wannan kuwa ya ɗan sa mu jin kunya, mu da shafi biyu ya gagare mu.

Abokan gasarsa sun bi hanyar ban dariya da abubuwan al'ajabi. Shi kuwa sai ya ɗauko bauta, abin da a lokacin ba a gama da shi ba. Ko da ya ke Turawa sun hana harin bayi, sun kuma ce duk wanda aka haifa tun daga Afrilu 1901 ɗa ne, ba a soke bauta ƙaƙaf a Arewa ba sai 1936, shekara biyu bayan fitowar littafin. Cikin waɗanda aka fara karanta wa shi akwai tsofaffin da aka taɓa sayarwa, akwai waɗanda suka taɓa saye.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice, don wanda bai karanta ba. Shaihu Umar babban malami ne a Rauta ta ƙasar Bauci. Wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. A Kagara aka haife shi bayan ubansa ya rasu. Uwarsa ta auri wani bafade, Makau. Da aka komo daga harin bayi a ƙasar Gwari, sai 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla masa sharri wajen Sarki, aka kore shi, ya je ya zauna Maƙarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta kafin ta bi mijinta, ta bar yaron a hannun wata. Kafin ta komo an sace shi. Kura ta kashe ɓarawon cikin daji, waɗansu talakawa suka tsinci yaron suka riƙe, mahara suka sake kwashe shi suka kai Kano. Can wani Balarabe mai fataucin bayi, Abdulkarim, ya ɗauke shi zuwa ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar kuwa ta fita nemansa, ita ma aka kama ta, aka yaudare ta, aka sayar da ita a Murzuk, ta ƙare cikin wahala a Tarabulus. Nan suka gamu da ɗanta, ba ta daɗe ba ta rasu. A hanyar komowa iskar hamada ta binne ayarinsu, Umar kaɗai ya tsira. Ya faɗa ƙasar Rabe, da aka ci Rabe a 1900 ya yiwo yamma har Allah ya zaunad da shi Rauta.

Mu mutanen ƙasar Funtuwa da Malumfashi labarin nan bai yi mana nisa ba. Fatika tana nan kudu da mu cikin ƙasar Giwa, Maƙarfi kuwa wanda ya taɓa bin motar rake daga Danja ya san ba wata tafiya ba ce. Dajin da yanzu ya zama gonakin auduga da masara shi ne irin wanda a ke ɓatar da yaro a cikinsa a zamanin da a ke maganar.

Yanzu mu koma ga tambayar Malam. Makau mutum ne mai gaskiya, an zalunce shi, kowa ya tausaya masa. Amma daga ina ya ke komowa ran da aka zalunce shi? Daga kama 'ya'yan waɗansu. Abdulkarim ya cika alkawari, ya yi wa maraya gata, amma da kuɗin me ya ciyad da shi? Da kuɗin mutane. Marubucin bai tsaya ya tsine musu ba, bai kuma wanke su ba. Ya sa alheri da zalunci cikin riga ɗaya ya bar mai karatu da su. Saboda haka layin da muka ja tsakiyar takarda ya bi ta tsakiyar mutum ne, shi ya sa ya ƙi tsayawa.

Da muka ƙara dubawa sai muka ga karon da ya fi ƙarfi yana tsakanin mutum biyu da duk mun sa su gefe guda, watau Umar da uwarsa. Umar tun daga farko har ƙarshe kusan ba abin da ya yi don kansa. An ɗauke shi, an ajiye shi, an sake ɗauka, ko yaushe yana karɓar abin da Allah ya kawo, ya ƙare yana Shaihu. Uwar ita ce ba ta yarda ta zauna ba. An ba ta haƙuri ta ƙi, ta ratsa daji da hamada ita kaɗai, mace, ba ta da kowa, ta biya da 'yancinta, sa'an nan da ranta. In an bi ƙarshen labarin, mai haƙuri ne ya ci riba. Amma duk wanda ya karanta da zuciya ɗaya ya san wurin da idonsa ya yi ƙwalla, ba kuwa wajen Umar ba ne. Muna tsammani Malam Abubakar yana girmama ɗan, amma uwar ce ta fi taɓa shi.

Wannan ja-in-ja ita ce ta bi shi har kabari. Ya zama shugaban Midil ta Bauci a 1941. A shekarun nan ne ya riƙa zama da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano cikin wata ƙungiyar muhawara a Bauci, inda a ke tattauna mulkin En'e a gaban jama'a, abin da ba a saba gani ba. A 1945 aka tura shi Jami'ar Landan ya yi shekara guda yana ƙaro ilmin koyarwa. Da ya komo ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa a 1946, sa'an nan Majalisar Dokoki ta Ikko a 1947. Cikin watan Agusta 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya kawo shawara a bincika tsarin En'e duka a gyara, domin a ganinsa talaka ba shi da bakin magana cikin mulkin da a ke yi masa, ga cin hanci ya yi yawa, ga sarakuna ba mai ƙwaɓarsu. Kai, ran nan an ji ɗan bara ya yi magana! Sarakuna da yawa ba su ji daɗi ba, amma shawarar ta wuce, Gwamnati ta sa Turawa biyu, Maddocks da Pott, su bincika, aka bi ta nan har aka kai ga sabuwar dokar En'e ta 1954. Wannan aikin irin na uwar Umar ne.

Amma a watan nan ne kuma aka kafa jam'iyyar Nefu a Kano, wadda Malam Aminu ya zo ya shugabanta, masu cewa a tumɓuke abin daga saiwa. Malam Abubakar bai bi su ba. Ya zauna cikin Jam'iyyar Mutanen Arewa tare da sarakunan da ya soka, ya yarda ya zama mataimakin Sardauna, yana ganin gyara a hankali ya fi rushewa. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, na Sufuri a 1954, Firayim Minista a 1957, shi ne kuma ya karɓi mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960. Da fari ma shakka ya ke ko Kudu da Arewa za su iya zama ƙasa ɗaya. Sai da ya je Amurka a 1955 duba yadda a ke sufuri a kogin Misisipi, ya ga mutane iri iri sun zama al'umma guda, sa'an nan ya sake ra'ayi.

Zamanin mulkinsa bai kwanta ba. A 1962 rikici ya tashi a Jihar Yamma, ya sa dokar ta-ɓaci. Aka yi gardamar ƙidayar jama'a, aka yi ta zaɓen 1964. Bayan zaɓen Yamma na Oktoba 1965 aka shiga ƙone gidaje da kashe mutane wata da watanni, a wannan karon kuwa bai sa dokar ba, ya yi ta jira ko ƙurar ta lafa. A nan ne ajinmu ya rabu biyu. Waɗansu suka ce haƙuri ne na dattijo wanda ba ya son ƙara wa wuta mai. Waɗansu suka ce haƙurin da ya yi wa Umar kyau, don Umar kansa kaɗai ya ke ɗauke da shi, bai kamaci wanda ke ɗauke da rayukan jama'a ba, kuma ƙawancen jam'iyyarsa da Akintola, Firimiyan Yamma, shi ya ɗaure masa hannu. Mu dai mun fi karkata wajen na biyun, ko da ya ke da sauƙi ne mutum ya yanke hukunci yana zaune bisa benci bayan shekaru masu yawa.

Cikin Janairu 1966 ya karɓi shugabannin ƙasashen Kwamanwel a Ikko, suka yi taro kan maganar Rodeshiya. Baƙi ba su daɗe da watsewa ba, daren 15 ga wata, sojoji suka shiga gidansa suka tafi da shi. A daren nan aka kashe Sardauna a Kaduna, aka kashe Akintola a Badun. Bayan kwana 6 aka tsinci gawarsa a bakin hanya bayan garin Ikko, aka kai Bauci aka binne. Shekarunsa 53, bai kuwa bar wata dukiya ta a zo a gani ba.

Wasan da aka ba mu bai gan shi ba. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay su ne suka mai da littafin wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, Adamu Halilu kuma ya mai da shi majigi a 1976. Majigin ya daɗe ba a ganinsa, har aka samo shi aka gyara, aka nuna a Balin ta ƙasar Jamus a 2018. A wasa abin ya fi tsanani bisa ga littafi, gama a littafi muryar Shaihu ce kaɗai mu ke ji, mai sanyi, tana ba da labarin abin da ya riga ya wuce. A dandali kuwa dole a sa mace ta tsaya gaban mutane a yi cinikinta, ba muryar da za ta rufe wannan.

Mun sake rubuta sharhinmu, ba mu ja layi ba. Mun ɗauki wurare uku, korar Makau, da cinikin uwa a Murzuk, da gamuwarsu a Tarabulus, a ko wane wuri muka nuna wanda ya haƙura da wanda ya ƙi, da abin da ya sami ko wannensu. Takardun suna hannun Malam, bai komo da su ba tukuna. Allah ya jiƙan Malam Abubakar, ya kyautata makwancinsa, amin.