Alhassan Ɗantata: Maraya da ya zama babban attajirin Afirka ta Yamma

A ranar 17 ga watan Agustan 1955 ne Allah Ya yi wa Alhaji Alhassan Ɗantata rasuwa a Kano, a lokacin da ake kallonsa a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

An haife shi a garin Bebeji a shekarar 1877, a cikin zuriyar Agalawa, waɗanda suka yi suna wajen fatauci.

Mahaifinsa, Abdullahi, ya rasu tun yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma ta tafi fatauci ƙasar da a yau ake kira Ghana.

Wata mata mai suna Tata ce ta rene shi, kuma daga sunanta ne laƙabin Ɗantata ya samo asali.

Ya yi almajirci a Bebeji, inda ya riƙa haɗa karatun allo da neman abin kai wa baka.

Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893 ya rutsa da shi, aka kama shi, sai da aka fanshe shi.

Daga goro zuwa gyaɗa

Da goro ya fara fatauci. A lokacin, ayari kan shafe watanni a kan hanyar Gwanja da jakuna.

Shi kuwa yana cikin fataken farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Akara zuwa Legas, abin da ya rage masa wahala da asara.

Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa sun shiga neman gyaɗa ido rufe, amma ba su san manoma ba, ba su kuma jin harshensu.

Sai suka dogara da 'yan kasuwar gari irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhassan Ɗantata ya shiga sahu, ya zarce kowa.

Jarinsa shi ne amana

Tsarinsa shi ne ya ba wa yaransa kuɗi tun kafin kaka, su bazu cikin ƙauyuka su sayo gyaɗa, sannan a zauna a yi lissafi.

A wancan zamani, ƙasar Dutse da Jahun da Ringim, da ke jihar Jigawa a yanzu, duk suna ƙarƙashin masarautar Kano, kuma noman gyaɗa na cikin abin da talakawansu ke samun kuɗin haraji da shi.

Irin wannan ciniki ba ya tafiya sai da amana, domin idan yaro ya gudu da jari, maigida ne a ciki. Saboda haka sanin wanda za a damƙa wa kuɗi, da bin diddigin kowane anini, su ne ginshiƙin sana'ar.

A 1929, da bankin Turawan Ingila ya buɗe reshe a Kano, an ruwaito cewa raƙuma 20 ne suka ɗauko masa kuɗin azurfa zuwa ajiya.

Ya zama babban dilan kamfanin UAC, kuma ana danganta shi da dalar gyaɗa da ta sa Kano ta shahara a duniya.

Sauƙin kai

Duk da wannan arziki, an san shi da tsimi da ƙin almubazzaranci. Masu tarihi sun ce yakan ci abinci tare da ma'aikatansa, kuma yana taimaka wa malamai da masu niyyar aikin Hajji.

Da ya ji ciwon ajali, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyyar su riƙe zumunci, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje.

A ƙasar Hausa, sau da yawa dukiyar attajiri kan watse da zarar an raba gado. Tasa ba ta watse ba.

'Ya'yansa Sanusi da Aminu sun ci gaba da kasuwanci, inda Alhaji Aminu ya rayu har zuwa 2025. Aliko Ɗangote kuma jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

An binne Alhassan Ɗantata a gidansa da ke unguwar Sarari a birnin Kano.