Joseph Ossanna

Joseph Frank Ossanna, Jr. (an haife shi ranar 10 ga Disamba 1928, ya rasu ranar 28 ga Nuwamba 1977) injiniyan lantarki ne kuma mai rubuta manhajar kwamfuta ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da ƙirƙirar nroff da troff, manhajoji biyu na tsara rubutu a kan tsarin Unix, waɗanda littattafan jagorar Unix suka dogara da su tun shekarun 1970.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Detroit na jihar Michigan. Ya kammala digirinsa na injiniyan lantarki a Jami'ar Wayne State a shekarar 1952.

Aiki a Bell Labs

Ossanna ya yi aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Murray Hill a jihar New Jersey. Da farko bincikensa ya shafi na'urorin ƙara ƙarfin sigina da sadarwar rediyo, daga baya ya shiga aikin Multics. Bayan cibiyar ta janye daga Multics a 1969, yana cikin 'yan tsirarun da suka taru a kan Unix tare da Ken Thompson da Dennis Ritchie. Shugabanni sun yi ta ƙin saya musu kwamfuta, sai Ossanna ya kawo shawarar a nemi PDP-11 da sunan aikin tsara rubutu. Wannan dabarar ta ci, kuma a 1971 masu buga takardu na sashen rajistar ƙirƙira suka zama masu amfani da Unix na farko a wajen rukunin masu binciken.

Nroff, troff da makro

Asalin tsarin shi ne RUNOFF, wanda Jerome Saltzer ya rubuta a MIT a 1964. Marubuci zai buga zallar rubutu, ya sa umarni a layin da ya fara da ɗigo. Abin da Ossanna ya ƙara a nroff shi ne damar marubuci ya ƙera nasa umarnin. Ana buɗe makro da .de, a ba shi suna, a jera layukan da ake so, a rufe da ɗigo biyu. Duk inda aka kira sunan, manhajar za ta zuba waɗannan layukan a wurin. A 1973 ya rubuta troff domin injin ɗab'i na CAT da cibiyar ta saya, sannan ya sake rubuta shi da yaren C wajen 1975.

Abin lura a nan shi ne troff bai zo da kan shafi ko bayanin ƙasan shafi a shirye ba. Ya ba da kayan haɗawa ne kawai: tarko mai tayar da makro idan rubutu ya kai wani wuri a shafi, ma'ajiyar lambobi, umarnin sharaɗi, da hanyar karkatar da rubutu a ajiye shi sai an buƙace shi. Da waɗannan aka gina tarin makro irin su ms na Mike Lesk, me na Eric Allman, da man na shafukan jagora.

Tsarin yana da iyakoki masu takura. Sunan makro ba ya wuce harafi biyu, abubuwan da ake miƙa masa ba sa wuce tara. Lissafi na cikakkun lambobi ne, kuma daga hagu zuwa dama yake tafiya ba tare da fifita ninkawa a kan tarawa ba. Babu umarnin maimaitawa, sai dai makro ya kira kansa. Ga mai nazarin harshe, babbar iyakar ita ce makro musanya rubutu da rubutu kawai yake yi, bai san ginin jimla ko ma'ana ba, kuma ƙa'idar karya kalma a ƙarshen layi don Turanci aka yi ta. Shi ya sa ayyuka masu nahawun kansu suka koma hannun wasu manhajoji da ke sarrafa rubutun kafin ya isa troff: eqn na Brian Kernighan da Lorinda Cherry don lissafi, da tbl na Lesk don jadawali.

Mutuwa

Ossanna ya rasu a Morristown, New Jersey, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 48. Ya bar troff a ɗaure da injin CAT kaɗai, sai Kernighan ya gyara shi wajen 1979 yadda zai yi aiki da kowane injin ɗab'i. A 1990 James Clark ya fitar da groff, wanda ya cire iyakar harafi biyu ya kuma ƙara umarnin maimaitawa. Da groff ake nuna shafukan man a yawancin kwamfutocin Linux a yau.