J. M. Dalziel (1872–1948): Likitan da Ya Ƙulla Sunayen Tsirrai na Hausa da na Kimiyya

An haifi John McEwen Dalziel a shekarar 1872 a birnin Nagpur na ƙasar Indiya, asalinsa kuwa mutumin Sikotlan ne. Ya karanci likitanci a Jami'ar Edinbura, ya yi aikin asibitin mishan a ƙasar Sin, sannan a 1905 ya shiga hukumar lafiya ta Turawan mulkin mallaka a Afirka ta Yamma. Aikin ya kai shi Arewacin Nijeriya, ya zauna a wurare irin su Katagum da Sakkwato da Yola. Duk inda ya sauka yakan tsinko ganye da fure da ƴaƴan itace, ya busar da su a tsakanin takardu, ya rubuta sunan da mutanen wurin ke kiran tsiron da amfanin da suke yi da shi, kana ya aika lambun bincike na Kew da ke Landan.

A 1916 ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary, ƙamus da ya jera sunayen tsirrai na Hausa, kowanne da takwaransa na kimiyya. Buƙatar haɗin a fili take, domin itacen da wani ke kira hano, wani ararraɓi yake ce masa, alhali masanan duniya suna son suna ɗaya tak da kowa zai gane.

Tsarin wannan suna ya samo tushe daga Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, wanda littafinsa Species Plantarum na 1753 shi ne mafarin lissafi. Kowane tsiro yana da suna mai kalma biyu: ta farko sunan jinsi, wato rukunin tsirrai masu kusancin dangantaka, ta biyu kuma mai fayyace nau'i a cikin jinsin. An tsara dokokin a taron Faris na 1867, aka sake inganta su a Viyana a 1905. Sunan jinsi kalma ce tilo mai farawa da babban harafi, kuma ko daga wane harshe aka aro ta, nahawun Latin take bi. Ba a raɗa wa jinsin tsirrai biyu suna ɗaya. In sunaye biyu suka yi karo a kan jinsi guda, wanda aka fara wallafawa bisa ƙa'ida shi ke da rinjaye.

Sunan Dalziel kansa ya bi ta wannan hanya. A 1916 W. B. Turrill ya raɗa wa wani jinsi daga Saliyo suna Dalzielia, ta hanyar liƙa ɗafa-ƙeyar -ia, kamar yadda Adanson ya ba da Adansonia, jinsin kuka, Mungo Park kuma ya ba da Parkia, jinsin ɗorawa. Hano ya zama Boswellia dalzielii, inda -ii ke nuna mallaka. Mutanen Sikotlan ba sa furta harafin z na sunan, kusan Diyel suke cewa, amma doka rubutu take bi, ba lafazi ba. Ba kullum ne sunan mutum ke cin gado ba: Khaya, jinsin maɗaci, daga harshen Wolof aka aro shi.

Bayan ya ajiye aikin likita ya koma Kew, inda shi da John Hutchinson suka fitar da Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, kundin da ya haɗa har da tsirran ƙasar Nijar. A 1937 ya biyo da The Useful Plants of West Tropical Africa, mai bayanin amfanin tsirrai da sunayensu a harsunan yankin. Ya rasu a 1948.

Tun yana raye sunayen kimiyyar da ya dogara da su suka fara sauyawa. Gawon da ya cika gonakin Takieta da Matamai da Magarya, wanda tarihin baka ya nuna sarakunan Damagaram sun hana sararsa, Acacia albida ne a ƙamus ɗinsa. A 1934 Auguste Chevalier, masanin Faransa, ya ware masa jinsi na kansa, Faidherbia, da sunan Louis Faidherbe, gwamnan mulkin mallaka na Sanigal. Kaɗanya, wadda Dalziel ya sani da Butyrospermum, ta koma Vitellaria, domin wannan sunan na 1807 ya girmi wancan na 1865. Bayan tarukan Viyana na 2005 da Melbon na 2011, an bar wa itatuwan Ostareliya sunan Acacia, bagaruwa ta koma Vachellia, dakwara ta koma Senegalia. Duk tsawon wannan lokaci gawo yana nan gawo a bakin manomi.

Abin da ya fi ƙarko a aikin Dalziel ke nan: ɓangaren Hausa, wanda ya karɓa daga manoma da makiyaya da masu magani. Sunansa ya shiga Latin, nasu bai shiga ba. Hausar da ya tattara ta Arewacin Nijeriya ce, kuma ƙamus ɗin ya haura shekara 100. Sunayen da dattawan Damagaram ke kiran ciyayi da itatuwa suna buƙatar irin wannan hidima, da karin sauti da tsawon wasali da sunan wanda ya faɗa, tun kafin tsiron ya ƙare a daji, sunansa ya bi shi.