Walter Tull: Ɗan ƙwallon da ya ajiye takalmi ya shiga soja, ya mutu a bakin daga a 1918

Ranar 25 ga watan Maris na shekarar 1918, a kusa da wani ƙauye mai suna Favreuil a arewacin Faransa, harsashi ya kashe wani ƙaramin hafsan sojan Birtaniya ɗan shekara 29. Sunansa Walter Tull. Kafin yaƙi ƙwallon ƙafa ce sana'arsa. Ya buga wa Tottenham Hotspur ta birnin Landan, daga baya ya zama ɗan gida a Northampton Town, inda ya yi wasa 111. Yana cikin baƙaƙen fata na farko da suka taka leda a babbar gasar Ingila, yana kuma cikin na farko da suka ja ragamar sojoji Turawa a fagen fama, a zamanin da dokar soja ta haramta wa irinsa wannan muƙami. Babu wanda ya tilasta masa shiga soja, da ƙafarsa ya kai kansa. Har yau ba a ga gawarsa ba.

Maraici tun yana yaro

An haifi Walter Daniel John Tull ranar 28 ga watan Afrilu na 1888 a Folkestone, wani gari na bakin teku a kudancin Ingila. Mahaifinsa Daniel Tull kafinta ne da ya zo Ingila a 1876 daga Barbados, tsibirin da Turawan Ingila suka cika da bayi daga Afirka domin noman rake. Kakan Walter na wajen uba ya yi bauta a can. Mahaifiyarsa Alice Palmer Baturiya ce ƴar yankin Kent.

A 1895, ciwon daji ya kashe mahaifiyarsa. Uban ya auri wata ƴar'uwarta mai suna Clara domin ta riƙe yaran, amma a watan Disamba na 1897 shi ma ciwon zuciya ya ɗauke shi. Nauyin ya fi ƙarfin Clara. Da shawarar limamin cocin da iyalin ke zuwa, aka kai Walter da yayansa Edward gidan marayu na ɗariƙar Methodist a unguwar Bethnal Green ta gabashin Landan, a farkon 1898.

Ba su daɗe tare ba. A 1900 wani iyali na birnin Glasgow ya ɗauki Edward riƙo, ya tafi da shi Sikotilan, inda ya yi karatu har ya zama likitan haƙori. Walter ya ci gaba da zama a gidan marayun shi kaɗai. A can aka koya masa aikin ɗab'i, a can kuma ya soma buga ƙwallo a ƙungiyar yaran gidan.

Daga Clapton zuwa Tottenham

A 1908 ya shiga ƙungiyar Clapton, wadda ƴan wasanta ba sa karɓar albashi. A kakar wasansa ta farko ƙungiyar ta ɗauki kofi uku, ciki har da kofin ƙasa na ƙungiyoyin da ba na sana'a ba, inda ta lallasa Eston United da ci 6 da nema a wasan ƙarshe na 1909. Jaridun Landan suka fara ambaton sunan matashin, saboda natsuwarsa da iya raba ƙwallo.

Tottenham, wadda a shekarar ta hau rukunin farko, ta gayyace shi rangadin wasanni a Ajantina da Uruguwai. Da suka dawo ta ɗauke shi a kan fam 10 na sa hannu da albashin fam 4 a mako. A watan Satumba na 1909 ya fito a sahun gaba a karawa da Sunderland, wasan Tottenham na farko a rukunin manya. Kafin shi, baƙaƙen fatar da suka buga a wannan mataki ba su taka kara sun karya ba. Wanda aka fi sani shi ne mai tsaron gida Arthur Wharton, haifaffen Akra ta ƙasar Gana ta yanzu.

Murnar ba ta yi nisa ba. A watan Oktoba na 1909 Tottenham ta je gidan Bristol City, wani ɓangare na ƴan kallo suka yi ta zagin Tull saboda launin fatarsa. Ɗan jaridar da ya ba da rahoton wasan ya yi tir da abin da ya ji, ya kuma bayyana Tull a matsayin wanda ya fi kowa taka rawa a filin ranar, tare da yaba yadda ya haɗiye fushi bai tanka ba. Duk da haka, ba da jimawa ba ƙungiyar ta mayar da shi sahun ƴan ajiya. Wasanni 10 kacal ya buga mata a gasar, ya ci ƙwallo biyu. Masu binciken tarihinsa da dama na ganin cewa shugabannin ƙungiyar sun zaɓi su janye shi daga idon jama'a maimakon su tsaya masa.

Ɗan gida a Northampton

Wanda ya ceto sana'arsa shi ne Herbert Chapman, mai horarwar da daga baya ya yi suna a Huddersfield da Arsenal. A watan Oktoba na 1911, lokacin yana riƙe da Northampton Town a gasar kudancin Ingila, Chapman ya sayo Tull. A nan aka mayar da shi ɗan wasan tsakiya, kuma wurin ya karɓe shi. Cikin shekara uku ya yi wasa 111, ya ci ƙwallo tara, magoya baya suka rungume shi. Ya zauna a Rushden, wani ƙaramin gari na masu sana'ar takalma da ke kusa, har mutanen yankin suka ɗauke shi nasu.

Yana kan ganiyarsa yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a watan Agusta na 1914. A lokacin Birtaniya ba ta da dokar shiga soja dole, sai a 1916 aka kafa ta. Hukumar ƙwallo ta bar gasa ta ci gaba, abin da ya jawo suka mai zafi, ana cewa ƙarti majiya ƙarfi suna guje-guje a fili alhali sa'o'insu na mutuwa a Faransa. Domin amsa wannan suka ne aka kafa bataliya ta 17 ta rundunar Middlesex a watan Disamba na 1914, wadda aka fi sani da bataliyar ƴan ƙwallo. A cikin watan Tull ya rubuta sunansa. Shi ne ɗan wasan Northampton na farko da ya yi hakan.

A ramukan yaƙi

Bataliyar ta sauka Faransa a watan Nuwamba na 1915. Yaƙin wancan lokaci na zaman rami ne. Sojoji na kwana suna tashi cikin taɓo da sanyi da ƙwarƙwata, manyan bindigogi na ruwan wuta a kansu dare da rana. Tull ya nuna ƙwazo har aka ɗaga shi zuwa matakin saja. A watan Mayu na 1916 rugugin bama-bamai ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, irin larurar firgici da ta kama dubban sojoji, aka mayar da shi Ingila jinya. Da ya samu sauƙi ya koma, wannan karo cikin bataliya ta 23, bataliyar ƴan ƙwallo ta biyu, ya kuma riski ƙarshen gumurzun Somme, wanda yana cikin faɗace-faɗacen da suka fi lashe rayuka a yaƙin baki ɗaya.

Manyansa suka ba da shawarar a horar da shi ya zama hafsa. A nan ne dokar ta tsaya a gabansa. Littafin dokokin sojan Birtaniya na 1914 ya tanadi cewa sai wanda asalinsa Bature ne tsantsa zai iya samun muƙamin hafsa. Sai dai yaƙi ya ci ƙananan hafsoshi da yawa, su ne ke shiga gaba idan an fita daga rami, kuma shaidar da aka bayar a kan Tull ta yi ƙarfi. Aka tura shi makarantar horar da hafsoshi da ke Gailes a Sikotilan a farkon 1917. Ranar 30 ga watan Mayu na 1917 aka ba shi muƙamin ƙaramin laftana. Ba a soke dokar ba, an dai kau da kai ne.

Zamansa a Gailes ya kusantar da shi da yayansa Edward da ke Glasgow. A lokacin ne ya sa hannu da ƙungiyar Rangers ta birnin, da niyyar buga mata wasa idan yaƙi ya ƙare.

Daga kogin Piave zuwa Favreuil

A ƙarshen 1917, bayan mummunan kayen da sojojin Italiya suka sha a Caporetto, Birtaniya da Faransa suka aika musu da ɗauki, bataliyar Tull na ciki. A daidai shigowar sabuwar shekara ta 1918 ya jagoranci sojoji 26 suka tsallaka kogin Piave cikin dare, a tsananin hunturu da ƙarfin ruwa, suka shiga yankin abokan gaba. Ya dawo da su duka, babu wanda ya rasa ransa. Janar Sydney Lawford, kwamandan runduna ta 41, ya yaba masa a rubuce saboda jarunta da natsuwa.

A watan Maris aka mayar da su arewacin Faransa. Jamus, wadda ta samu sararin kwaso dakarunta daga gabas bayan ficewar Rasha daga yaƙin, tana son ta gama da abokan gabarta kafin sojojin Amurka su iso da yawa. Ranar 21 ga watan ta ƙaddamar da gagarumin farmaki, sahun Birtaniya ya yi ta ja da baya. Kwana huɗu bayan haka aka harbe Tull a kusa da Favreuil, daf da garin Bapaume. Sojojinsa sun yi ƙoƙarin ɗauko gawarsa cikin ruwan harsasai, cikinsu har da Tom Billingham, tsohon mai tsaron gidan Leicester Fosse, amma dole ta sa suka bar ta. Ƙasa da wata takwas bayan haka, ranar 11 ga Nuwamba, aka tsagaita wuta.

Tunda ba shi da kabari, an rubuta sunansa a bangon tunawa na birnin Arras, tare da sunayen sojoji kusan 35,000 da ba a san inda aka binne su ba.

Lambar yabon da ba ta zo ba

Bayan mutuwarsa, wani hafsa abokin aikinsa ya rubuta wa iyalinsa wasiƙar ta'aziyya, inda ya shaida musu cewa an gabatar da sunan Tull domin a ba shi lambar jarunta ta Military Cross. Ba a taɓa ba shi ba. Ma'aikatar tsaron Birtaniya ta ce ba ta samu takardar da ke nuna an gabatar da sunan nasa ba, kuma ba al'adarta ba ce ta ba da irin wannan lamba bayan shekaru masu yawa. Masu fafutuka na tunatar da ita cewa ɗimbin takardun sojojin wancan yaƙi sun ƙone a 1940, lokacin da jiragen Jamus suka yi luguden wuta a Landan. Wasunsu na ganin cewa ba shi lambar a 1918 zai zama amincewa a fili cewa an karya dokar launin fata.

Kusan shekara 80 sunansa ya yi a ɓoye, in ban da wajen danginsa. Binciken wani marubucin tarihi, Phil Vasili, a shekarun 1990 ne ya dawo da labarinsa. A watan Yuli na 1999 Northampton Town ta buɗe wurin tunawa da shi a harabar filin wasanta na Sixfields, kuma titin da ke kaiwa filin yana ɗauke da sunansa. A 2014 an buga tsabar fam 5 mai hotonsa, a 2018 hukumar gidan waya ta fitar da kan sarki domin cika shekara 100 da ƙarshen yaƙin, sannan a 2021 aka shigar da shi jerin gwarazan ƙwallon ƙafar Ingila.

Tull ya samu ƙungiyar ƙwallo da magoya baya da suka tono sunansa. A yaƙin da ya ci shi, Faransa ta kwaso dubban matasa daga yankunan da take mulka a Afirka ta Yamma, da yawansu ba da son ransu ba, kuma sun yi faɗa a Somme ɗin nan a 1916. Akasarin waɗanda suka mutu a can ba su da titi ko kan sarki mai sunansu.

A Ingila kuwa, zagin ƴan wasa saboda launin fata bai gushe ba daga filaye da shafukan sada zumunta, fiye da shekara ɗari bayan wasan Bristol. Masu neman a ba Walter Tull lambarsa sun sha miƙa koke ga gwamnati, amma har yanzu amsar ma'aikatar tsaro ba ta sauya ba.